Taku Talatin da Biyu

Zuwa ga 'yar Gwaggona, Malama Duba-gari,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigidanki da yara, da Gwaggo da ciwon gwiwarta. Mu nan sai godiya. Kada ki yi mamakin ganin takarda a hannun direba. Wayata ta uku ta bi 'yan'uwanta cikin rijiya, na kuwa rantse ba zan ƙara ciyar da rami waya ba. Sai ki yi haƙuri da rubutun mahaƙin rijiya, kin san hannun da ya saba da diga ba ya yi wa biro da sauƙi.

Labarin da na ƙagu in ba ki shi ne na yi rijiya a gidan hayar da muke. Ɗaki goma sha biyu ne a gidan, famfo ɗaya, shi ma tun da muka tare bara ban taɓa ganin ya yi ko gumi ba. Unguwar sabuwa ce, a bakin gari. Shekara uku baya gonaki ne, yau kuwa ko akuya ba za ta sami wurin juyawa ba. Mata kan yi sammako zuwa burtsatsen makaranta, su dawo rana ta take da jarka ɗaya da faɗa biyu. Na ce ina, a ce ɗan Baba yana gida ana wannan wahala? Na sami mai gidan, ya ce in yi.

Kin san ƙa'idar Baba, Allah ya jiƙansa: tsakanin rijiya da masai taku talatin, ba ragi. Tsakar gidan nan ƙarama ce, sai da na matsa har can kusurwa, gab da katangar baya, sannan lissafi ya fita. Talatin da biyu na samu, da takuna kuma, ba irin naki na 'yar tsako ba. A zurfin gaba bakwai na tarar da ruwa, garau kamar hawaye. Na jera zoben siminti, na yi mata murfi, na danna yatsuna uku a bakin simintin tun yana ɗanye, yadda Baba yake sa wa aikinsa alama. Bayan katangar wani ya tayar da bene mai hawa uku, inuwarsa tana sauka kan rijiyar, ruwan kullum sanyi ƙalau.

Yanzu a gidan nan ni ne sarki. Tela na ɗaki na bakwai ya ɗinka mini riga kyauta. 'Yarsa da ta fara tafiya kwanan nan, da ta hango ni sai ta taho tana tangaɗi ta riƙe mini ƙafar wando, ita a dole sai ta leƙa guga. Wallahi na ji daɗin aikin nan. A birni yawanci ramin sokawe ake kira na in haƙa, inda ƙazantar banɗakuna ke taruwa, aikin da na fi ƙi a duniya. Wannan karon na yi abin da aka haife ni domin shi.

Ƙaramar 'yata Auta ce kawai ba ta jin daɗi tun da ruwan sama ya sauka, cikinta yana gudu, ita da yara biyu na gidan. Ɗanyen mangwaro ne, ko sauyin yanayi.

Na ga 'yan'uwanki jiya a bakin kasuwa, da fararen riguna da gwangwanin jan fenti, suna neman wanda za su ɓata wa rana. Na ce Allah sarki, haka tawa take yawo a garinsu. Ki gaishe da Gwaggo da kyau.

Yayanki, Dogo

*

Yaya Dogo,

Wa alaikumus salam. Takardarka ta same mu lafiya. Na karanta wa Inna, ta yi dariyar wayar har da hawaye, ta ce haka Kawu, babanka, ya ƙarar da agogunansa. Gwiwa da sauƙi. Tana gaishe ka, tana gaishe da matarka, ta ce a shafa mata kan Auta.

Na taya ka murna, kuma na san hannunka. Amma ka bar ni in yi duba-garin nawa ko da a takarda ne, tunda ka riga ka ba ni sarautar. Layi biyun da ka rubuta a kan Auta sun fi tsaya mini a rai fiye da duk sauran. Yara uku a gida ɗaya, a mako ɗaya, bayan saukar ruwa, kuma duk rijiya ɗaya suke sha. Yaya, ruwa ba ya tsami banza. Na sha ganin irin wannan a sababbin unguwanni, kuma da wuya laifin ya zama na mangwaro.

Ga tambayata. Ka ce ka yi taku talatin da biyu daga masan gidanku. To daga rijiyar zuwa katangar baya taku nawa ne? Kuma mene ne a bayan katangar, daidai wurin? Bene mai hawa uku yana da banɗakuna, banɗakunan nan kuwa wani wuri suke zuba. Ruwan ƙarƙashin ƙasa bai san katanga ba. Da damina yana tasowa, ya ɗauko na can ya kawo nan, kuma ya fito garau abinsa. Abin da ke kwantar da yara ba a ganinsa da ido.

Don Allah ka yi mini abu uku. A kai yaran asibitin unguwa yau, kada a jira gobe. Kafin nan a riƙa ba su ruwan gishiri da sukari, matarka ta san yadda ake haɗawa, ni na koya mata lokacin goyon Auta. Na biyu, duk ruwan da za a sha a tafasa shi. Na uku, ka rufe rijiyar nan har sai an ɗebi ruwanta an auna, ka kuma zagaya ka ga abin da ke bayan katangar.

Na san na ukun zai yi maka ɗaci. Ka haɗiye, ai kai ne babba.

Batun takuna na 'yar tsako kuwa, ka jira in zo. Da shi nake zagaye unguwa huɗu a yini, kai kuwa rami ɗaya kake wuni a ciki kamar gafiya.

Ƙanwarka

*

Malama,

Salamu alaikum. Muna lafiya. Auta ta miƙe, har ta koma makaranta. Ki gaishe da Gwaggo.

Na ga takardarki, na kuma ga saƙonki na biyu, wanda kika aiko da ƙafa. Kwana huɗu bayan direba ya miƙo mini takardar, sai ga mutum biyu da fararen riguna a tsakar gidanmu. Suka ɗebi ruwa a kwalba, suka zana jan kuros a murfin rijiyata, daidai kan yatsuna uku, a gaban matan gida, a gaban 'ya'yana. Suka ce kada a sha sai sakamako ya fito. Na ce yaushe? Suka ce sai sun kira. Na ce to kafin nan mutum hamsin su sha me? Ɗayan ya ce wannan ba ofishinsu ba ne.

Ashe haka zumunci ya koma? In kina da magana da ni ki faɗa mini, ba ki turo mini abokan aikinki su tozarta ni ba. Shekara ashirin da bakwai ina wannan sana'a, ban taɓa jin an ce ruwana ya kwantar da kowa ba. Ƙa'idar da Baba ya yi shekara hamsin a kanta, ke da kika yi shekara uku a aji za ki ce ba ta isa ba? Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba.

Kin ce in leƙa bayan katanga. Ni ba a yi mini tarbiyyar leƙen gidan mutane ba. Ban san mai benen ba, ban san masu haya a ciki ba, ƙofarsu ma ta wani titi take. In je in yi sallama in ce me? Na zo ganin masanku?

Kwana biyu aka yi rijiyar tana rufe. Na ga matar tela da goyo da jarka a ka, ta dawo daga burtsatse ƙafafunta sun kumbura. Matan gida suka taru suka ce in rufa musu asiri. Na samo kananzir da tsumma na goge jan fentin tas, na buɗe. Na ce kowa ya tafasa. Masu gawayi suna tafasawa.

Ba sai kin ba da amsa ba in aiki ya yi miki yawa.

Dogo

*

Yaya Dogo,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ko da ka ƙi amsawa da daɗi. Na yi murna da Auta ta miƙe. Takardarka ta yi kwana tara a tasha kafin ta iso ni, muna can ƙauyuka wajen allurar yara. Da na karanta sai da na zauna, raina ya ɓaci ƙwarai, kuma tsoro ya fi ɓacin ran yawa.

Wallahi ban turo kowa ba. Garinku daban, ofishinmu daban, ban san ko mutum ɗaya a cikinsu ba. Ƙa'idar aiki ce: in asibitin unguwa ya ga yara uku daga gida ɗaya da ciwo iri ɗaya, dole ya sanar, su kuma su zo. Amsar da suka ba ka ba ta yi ba, na yarda. Bai kamata a rufe wa mutum hamsin ruwa a juya a tafi ba. Amma rashin iya maganarsu bai wanke ruwan ba.

Kuma ban raina ƙa'idar Kawu ba. Kai ne ka manta rabinta. Ina 'yar shekara tara lokacin da ya yi rijiyar gidanmu, ni na riƙe masa bakin igiya. Ya yi takunsa talatin daga masanmu. Sannan ya fita ta ƙofa, ya zagaya gidan maƙwabtan gabas, ya yi sallama, ya sha ruwa, ya yi taku. Ya zagaya na yamma, ya yi haka. Sai da ya shiga gida huɗu kafin ya sa diga a ƙasa. Inna tana nan, ka tambaye ta. Ku da kuke cikin ramin ba ku lura ba, don a wurinsa wannan ba aiki ba ne, gaisuwa ce. A can danga ce tsakanin gida da gida, kowa ya san inda kowa ya yi masansa. A birni an tayar da katanga ta fi mutum tsawo, fili ya tsuke, kowa yana auna nasa shi kaɗai. Ka matsa kusurwa don ka guje wa masanku. Wanda ke bayanka shi ma kusurwa zai kai ƙazantarsa, don ya nisanta ta da ƙofarsa. To kusurwarka da tasa ina suka haɗu?

Ka ce masu gawayi suna tafasawa. Marasa gawayin fa? Yaran da ke kai baki cikin guga fa? Babba yakan jure, ƙaramin yaro kuwa yini ɗaya ya ishe shi ya bushe.

Ka ji haushina har shekara in ka ga dama, zan ɗauka. Amma ka mayar da murfin nan yau, ka je ka yi sallamar. Zumunci a ƙafa yake, kai kake faɗa mini haka kullum. Maƙwabtaka ma haka.

Ƙanwarka

*

Yaya,

Salamu alaikum. Yau mako uku ban ji daga gare ka ba. Direba ya rantse a hannun matarka ya sa takardata. Na kira lambarta ya fi sau goma, ba ta shiga. Inna ta daina tambayata, sai dai ta bi ni da ido in na shigo, wannan kuwa ya fi tambayar ciwo.

In fushi ne, ka rubuto layi ɗaya ka ce fushi ne, in samu in yi barci. In wani abu ne ya faru, kada ka ɓoye mini. Na nemi hutun kwana uku, in ban ji komai ba ranar Asabar ta sama zan taho.

Ƙanwarka

*

'Yar Gwaggo,

Assalamu alaikum. Ki yafe mini shirun. Ba fushi ba ne. Na ɗauki biro ya fi sau biyar ina ajiyewa. Ki fara gaya wa Gwaggo Auta tana raye, tana gida, ta fara cin abinci. Sauran ki karanta ke kaɗai tukuna.

Takardarki da kika ce in mayar da murfin ta zo ranar Talata. Na karanta, na ninke, na sa a aljihu, na ce sai na huce. Ranar Alhamis Auta ta sake kwantawa, amai da gudawa, wannan karon kamar ana juye tulu. Kafin azahar yara biyar ne kwance a gidan. Muka kwashe su zuwa asibitin unguwa. Auta leda shida ta sha na ƙarin ruwa, uwarta kwana biyar ba ta taka gida ba, wayarta ma can ta ɓace. 'Yar tela ita ce ƙaramarsu. Malamar asibiti ta nemi jijiya a hannu ta rasa, ta nema a ƙafa, ta nema a ka. Da la'asar yarinyar ta cika. Ni na ɗauko ta zuwa gida. Ba ta kai nauyin guga ba.

Washegari bayan mun dawo daga maƙabarta ban shiga gida ba. Na bi titi. Sai da na wuce shagon mai walda, na karya ta bakin kwata, na sake karyawa, sannan na iso ƙofar benen. Na ƙirga, kin san hali: taku ɗari uku da goma. Na yi sallama. Mai kula da gidan dattijo ne mai kirki, ya ba ni kujera, ya ce ya ji rasuwar, Allah ya ba da haƙuri. Na ce ina so in ga bayan gidan. Bai tambaye ni dalili ba, ya shige gaba. Abin da na yi makonni ina jin kunyarsa bai ɗauki minti biyar ba.

Ramin sokawen yana kusurwa, kamar yadda kika ce. Gefensa ya tsage, ƙasar wurin ta jiƙe ta yi baƙi. Daga bakinsa zuwa katanga taku biyu. Daga katanga zuwa rijiyata taku biyu. Ina tsaye ina jin muryar matan gidanmu ta saman katangar.

Sai na sunkuya in duba tsagar. Ƙanwata, a bakin simintin murfin akwai yatsu uku.

Na sa hannuna a kai, suka zauna daidai. Ni na haƙa shi. Shekara biyu da rabi ke nan, wani ɗan kwangila ya ɗauko mu a mota ya kawo mu ta wancan titin. Lokacin fili ne fetal, daga harsashin gini sai wata bishiyar mangwaro da muke cin abinci a ƙarƙashinta. Kwana shida na yi na tafi, ban ƙara tuna wurin ba. An sare bishiyar, gidaje sun rufe ko'ina, na dawo na kama haya a bayan aikina ban sani ba. Ramin nan nawa, rijiyar nan tawa, kowanne na yi shi da kyau, kowanne na sa masa alamar Baba. Dattijon ya ga na zauna a ƙasa, ya ɗauka jiri ne, ya kawo mini ruwa. Na kasa sha.

Na dawo na sami tela a ɗakinsa na gaya masa duka, har da kananzir ɗin, har da takardarki da ta kwana biyu a aljihuna. Na so ya zage ni, ko ya kai ni hukuma. Ya ce, "Matata tana cikin waɗanda suka roƙe ka ka buɗe. Wa zan kama?" Ya ce kwanan yarinyar ne ya ƙare. Na san haka ne, amma na san kuma hannun da ya goge fentin.

Ranar Lahadi na fara cike rijiyar. Ban taɓa cike rijiya ba, ban san ta fi haƙa wuya ba. Ina cikin yi sai na ji ƙarar wani shebur a bayana. Tela ne. Tare muka yi har muka gama. Sakamakon awon ruwa ya iso bayan kwana biyu da gamawarmu, ya ce ruwan gurɓatacce ne.

Yanzu an koma burtsatse, amma maza ke ɗebowa da kurar tura jarkoki, ɗaki biyu kowace rana, ni na tsara. Asibiti sun ba mu maganin da ake ɗigawa a ruwan sha. Mun haɗu da mutanen benen, karon farko da muka san fuskokin juna, za mu je ofishin ruwa tare a kan famfon. Ban sani ba ko za su saurare mu.

Ga abin da ya sa na rubuto. Na zauna na tuna duk rijiyar da na yi tun zuwana garin nan, guda arba'in da ɗaya. A ko'ina na yi takuna talatin, a ko'ina ban fita ƙofa ba. Na fara bin su ɗaya bayan ɗaya, ina zagayawa ina sallama. Na je tara. Shida lafiya. Uku ba lafiya ba, ɗaya ma a makarantar yara take. Na gaya wa masu su, biyu sun rufe, ɗaya ya kore ni, ya ce ai ruwansa garau yake. Na tsaya ina kallonsa, don muryata na ji a bakinsa.

Kada ki fasa zuwa ranar Asabar. Ki zo da farar rigarki, wataƙila ya ji maganarki tunda ya ƙi tawa. Saura rijiya talatin da biyu, kuma damina ba ta ƙare ba. Ki tambayo mini wajen aikinku ko akwai jan fentin da kananzir ba ya gogewa. In akwai, ki taho mini da gwangwani ɗaya, ni zan riƙe.

Yayanki, Dogo